MOTON GWANJO A GONA: A RAGE GUDU DA FULI DA BEL

Ga kaka ta kawo jiki, an fara cirar gyaɗa, masu gero da dawa kuma suna share masussuka. A irin wannan lokaci ne manomi ya kan zauna ya yi lissafin kuɗin ƙwadago, ya ga sun yi masa yawa, sai hankalinsa ya koma kan inji. Sabon inji kuwa ba ko wa ke iya sayensa ba. Sabo da haka wata dabara ta yaɗu cikin garuruwa da ƙauyukan da wutar lantarki ta kai, da waɗanda ke da janareta. A kan je wurin 'yan gwangwan ko masu kayan gwanjo, a sayi tsohon injin huda katako, ko injin yankan ƙarfe irin wanda masu walda ke riƙewa a hannu, a ciro motonsa, watau ɗan injin lantarkin da ke juya shi, a kai wa mai walda ya ɗaura shi a jikin injin ɓarar gyaɗa, ko fankar shiƙa, ko dutsen wasa lauje da adda.

Dabarar ba ta da laifi ko kaɗan. Abin da wani ya yar, wani ya ɗauka ya ci abinci da shi, ai abin yabo ne, maƙera da masu walda na ƙasar nan kuwa sun daɗe da nuna gwaninta a wannan fanni. Amma fa akwai wuri guda inda a ke yawan yin tuntuɓe, shi ne wajen gudu. Ranar da aka fara kunna injin sai a ga yana tsalle kamar zai bar ƙasa, gyaɗa tana fita a farfashe, ƙusoshi suna kwancewa. Sai wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Maigida, ai abin mai sauƙi ne, a sa masa ragileta irin ta fanka, a rage masa wuta." A je a sayo, a ɗaura, a murɗa. Gudu ya ragu, ko wa ya yi murna. Ana zuba gyaɗa kuwa sai inji ya fara gurnani, ya tsaya cik. A ƙara masa wuta ya zabura, a rage ya sake tsayawa. Kafin la'asar an fara jin ƙaurin waya, kashegari moto yana wurin mai gyara, in ma zai gyaru.

Magana guda ce wannan fili ke so ya kafa yau. Wanda ya ke so ya rage gudun moto don aikin gona, ya rage shi da fuli da bel, watau ƙafafun nan masu kwari da igiyar roba da ke zagaye su, irin na injin niƙa. Ragileta tana da nata wuri, amma ɗan gyara ne a bisa, bayan fuli ya gama babban aikin. Wanda ya juya al'amarin, ya ɗora wa ragileta dukan nauyi, to, ya tanadi kuɗin moto na biyu.

MOTO IRI BIYU NE

Kafin a taɓa kome sai a san wane irin moto ne a hannu, gama iri biyu ne a ke yawan samu a kasuwa, halinsu kuwa ya bambanta kamar na dokin sukuwa da na san huɗa.

Na farko shi ne mai gawayi. In aka duba wajen gindinsa a kan tarar da ɗan baƙin gawayi guda biyu, ɗaya a ko wane gefe, suna gogar tagullar da ke juyawa a ciki. In yana aiki ana hango tartsatsi ta kafofin iska, kukansa kuwa ya kan cika unguwa. Shi ne a cikin injin huda, da injin yankan ƙarfe, da zarton lantarki na hannu, da moton keken ɗinki. Tun shekarar 1895, sa'ad da kamfanin Fein na birnin Stuttgart a Jamus ya fito da injin huda na lantarki wanda a ke riƙewa a hannu, abin da masu ƙera irin waɗannan kaya ke nema shi ne ƙarfi mai yawa cikin ɗan ƙaramin jiki. Hanyar samun haka kuwa ita ce a sa moton ya yi gudu na fitar hankali. Cikinsa ya kan yi juyi fiye da 20,000 a minti ɗaya, sa'an nan giyar da ke bakinsa ta rage. Duk da ragin, ƙaramin injin yankan ƙarfe mai faifai inci 4 da rabi ya kan yi juyi wajen 11,000 a minti, babban mai faifai inci 9 ya yi wajen 6,500, injin huda na gida kuwa ya kai 3,000.

Na biyu shi ne marar gawayi. Yana da nauyi, ba ya tartsatsi, ba shi da kuka sai ɗan amo, sau da yawa kuma akwai wani ɗan gwangwani a bisa bayansa. Shi ne a cikin famfon ruwa na lantarki, da injin niƙa mai aiki da wuta, da fanka, da injin wanki mai baho biyu. Wani masani mai suna Nikola Tesla ne ya sami takardar mallakar fasaharsa a Amurka cikin 1888. Abin da ya kamata a gane game da shi, ba yawan wuta ke yanke masa gudu ba. Wutar lantarkin da a ke rabawa a Nijeriya da Nijar da ƙasashen da ke maƙwabtaka da su tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, watau sau 3,000 a minti, shi kuwa wannan moto bin wannan ƙidaya ya ke yi kamar yadda mai rawa ke bin ganga. Bisa ga yadda aka naɗa wayarsa, ko ya bi 3,000 ɗin, ko ya bi rabinsu, 1,500, sai ɗan abin da ya kan zame a baya. Shi ya sa a kan ga an rubuta 2,850 ko 1,440, ko abin da ya yi kusa da su, a jikin allonsa.

To, in aka rage wa irin wannan moto wuta, ai kiɗa bai sake ba, rawa ma ba za ta sake ba. Sai ya yi ta ƙoƙarin bin gangar da yunwa, yana ɗaukar zafi, har nauyi ya fi ƙarfinsa ya tsaya. Har wa yau da yawa daga cikinsu suna da wata waya ta musamman ta tashi, wadda ke yanke kanta in gudu ya kai kamar kashi uku cikin huɗu. Ɗan ƙaran nan, ƙas, da a kan ji in an kashe moto yana gab da tsayawa, makunninta ne ke komawa. In aka hana moto kai wa ga gudunsa, wayar ba za ta yanke ba, ba a kuwa yi ta don dogon aiki ba, nan da nan sai ta ƙone.

Wani zai ce, to, ita fankar rufin ɗaki ai irin wannan moto gare ta, ga shi kuwa ragileta na rage ta shekara da shekaru ba abin da ya same ta. Gaskiya ne, amma dalili shi ne iska kaɗai ta ke turawa, nauyin iska kuwa raguwa ya ke yi ƙwarai in gudu ya ragu. In fanka ta koma rabin gudunta, aikin da ta ke bukata ya kan koma kamar kashi ɗaya cikin takwas. Ɓawon gyaɗa kuwa bai san wannan yarjejeniya ba, taurinsa yana nan ko a guje ko a sannu. Ban da haka, fankar rufi wat 60 zuwa 80 ta ke ci, ragiletarta kuma don wannan ɗan nauyi aka yi ta. Injin huda ya kan ci wat 500 zuwa 800, babban injin yankan ƙarfe ya kan wuce 2,000. Ɗora mata wannan kamar ɗora wa akuya kayan raƙumi ne.

INA ƘARFIN KE TAFIYA?

Shi mai gawayi lalle ana iya rage masa gudu ta hanyar wuta, in an sami ragileta mai ƙarfi wadda aka yi don moto. Kowace macen da ke taka keken ɗinki na lantarki ta san haka. Yadda irin wannan ragileta ke aiki shi ne datse wuta. An ce wuta tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, watau zuwa 50, komowa 50, tashi ɗari ke nan. A ko wane tashi sai ragileta ta riƙe ƙofa a rufe na ɗan lokaci kāna ta buɗe, kamar mai lambu da ke toshe bakin kwali yana saki. Ƙara murɗawa, ƙara daɗewar rufewa. Asalin ɗan abin da ke yin wannan aiki a cikinta kamfanin General Electric na Amurka ya fito da shi a 1957, ga shi yau ya yi araha har ya kai ko wace kasuwa.

Amma akwai lissafin da ba a iya tsallakewa. Aikin da ko wane inji ke yi haɗin abu biyu ne, ƙarfin murɗawa da yawan juyi, a ninka wannan da wancan. Moton hannu ƙarfin murɗawarsa kaɗan ne, yawan juyi ne dukiyarsa. In aka datse masa wuta har juyinsa ya koma kashi ɗaya cikin goma, ƙarfin murɗawa bai ƙaru ba, sabo da haka aikin ma ya koma kashi ɗaya cikin goma, ko ƙasa da haka. Moto mai wat 800 ya zama mai wat 80, watau kusan abin da ƙaƙƙarfan saurayi guda zai yi da hannunsa. An sayi inji ke nan, an biya kuɗin wuta, don a sami aikin ɗan ƙwadago ɗaya.

Fuli da bel kuwa ba su zubar da kome sai ɗan abin da ba a rasa ba. Moto yana nan yana gudunsa cikakke, abin da aka rage a juyi sai ya dawo a ƙarfin murɗawa. In aka rage juyi ninki shida, ƙarfin murɗawa ya ƙaru kusan ninki shida. Ko wane direban babbar mota ya san wannan ko da bai shiga makaranta ba. In ya zo hawan tudu da kaya, ba ya ɗaga ƙafa daga totur yana cikin babbar giya, don ya san mota za ta mutu a tsakiyar hawa. Giya ya ke saukewa, inji na kuka sosai, ƙafafu na tafiya sannu, mota kuwa ta haye. Ragileta ɗaga ƙafa ce daga totur, fuli kuwa sauke giya ne.

Sai kuma maganar zafi, wadda ita ce ke kashe yawancin motocin nan. A cikin ko wane moton hannu akwai 'yar fanka a kan sandarsa, ita ke jawo iska ta sanyaya waya. In moto ya rage gudu, ita ma ta rage. Zafin waya kuwa ba ya bin gudu, yana bin yawan wutar da ke ratsa ta, ita kuma tana bin nauyin aiki. In wutar da ke ratsa waya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu ya ke yi. Moton da aka shaƙe, aka kuma ɗora masa nauyi, zafinsa na hawa a daidai lokacin da iskarsa ke raguwa. Ɗan fentin da ya raba waya da 'yar'uwarta sai ya narke, su haɗu, shi ke nan. Wannan ƙauri da a kan ji, shi ne.

A tuna kuma, kayan hannu an yi su ne don aikin 'yan mintoci, a huda, a ajiye, a auna, a sake ɗauka. Ɓarar gyaɗa kuwa daga hantsi ne har azahar. Gawayin zai cinye da wuri, ƙura za ta toshe kafofin iska, tartsatsi kuma kusa da ƙaiƙayi da harawa ba abin wasa ba ne a lokacin hunturu.

LISSAFIN FULI

Lissafin ba shi da wuya, ɗan firamare ma zai yi shi. A ɗauki juyin moto, a ninka da faɗin fulin da ke jikin moto, a raba da faɗin fulin da ke jikin abin da a ke so a juya. Abin da ya fito shi ne sabon gudu.

A ce ga moto marar gawayi mai juyi 1,440, ana kuwa so injin ɓara ya yi juyi 240 a minti. A sa wa moto fuli inci 3, a sa wa injin ɓara fuli inci 18. Uku sau 1,440 ya ba da 4,320, a raba da 18, ya ba da 240. In babban fuli ya yi wuyar samu, ƙarfen ƙafar tsohon keke, bayan an cire taya, yana da kwarin da bel zai zauna, in dai aikin ba mai nauyi ba ne. A auna faɗinsa, in ya zo inci 24, gudu zai zama 180. Kada dai a ƙanƙanta fulin moto ƙasa da inci 3 don neman ragi, gama bel ba ya son lanƙwasa mai tsanani, zai riƙa zamewa, ya kuma tsage da wuri.

Yanzu a gwada wannan lissafi da ƙaramin injin yankan ƙarfe mai juyi 11,000. In za a kawo shi 240 da bel guda, da fuli inci 3 a jikinsa, babban fulin sai ya kai inci 137, watau ya fi ƙafa 11, ba zai shiga ƙofar ɗaki ba. Ana iya yin ragi hawa biyu, a sa wata sanda a tsakani mai boris biyu, ko wane hawa ya rage ninki bakwai, a sami wajen 224. Amma ko nan akwai cikas, domin fuli inci 3 a kan juyi 11,000 zai ja bel da gudun da ya wuce mita 40 a daƙiƙa, abin da bel ɗin kasuwa da fulin zubi ba a yi su dominsa ba. Gaskiyar magana dai, moton injin yankan ƙarfe bai dace da aikin sannu ba. Wanda ke da shi ya bar shi kan sana'arsa ta yanka, ko ya sayar ya sayi tsohon moto marar gawayi mai juyi 1,440. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In kuwa dole sai kayan hannu, babban injin huda mai giya biyu ya fi dacewa, gama ƙaramar giyarsa ta riga ta sauke gudu zuwa 'yan ɗaruruwa. Sharaɗi shi ne a ɗaura shi ɗungurungum, da giyarsa da fankarsa da gidansa. Masu ciro moto tsirara suna ɓarna biyu. Ta fari, mai gawayi in ba shi da nauyin kome a kansa gudu ya ke ƙarawa ba ji ba gani, har ya iya watsa wayarsa. Ta biyu, gidan robar nan shi ne katanga tsakanin wuta da hannun mutum. In aka cire shi, aka ɗaura moto a kan ƙarfe, ranar da waya ta goge dukan injin zai ɗauki wuta.

Ga mai ƙaramin aiki, kamar juya gangar cuɗa iri da magani, akwai moton da ke kaɗa abin share gilashin mota. Da batir mai bolt 12 ya ke aiki, yana da giyarsa a ciki, juyinsa kuwa bai fi na hannun mutum da yawa ba. Ƙarfinsa kaɗan ne, amma inda ya isa ba ya bukatar wani ragi.

HUJJAR MASU RAGILETA

Masu son ragileta suna da hujjarsu, ya kamata kuwa a saurare su. Suna cewa fuli da bel da boris da aikin walda sun fi ɗan akwatin nan tsada, sun kuma fi cin wuri. Haka ne a ranar saye. Amma fuli ba ya ƙonewa, ana samunsa a wurin 'yan gwangwan, in bel ya tsinke ko wane mai injin niƙa ya san inda a ke sayar da wani. Bel yana da wani amfani kuma wanda ba a kan lissafa ba: ranar da tsakuwa ta shiga inji ta cije, shi ne zai zame ya yi ƙara, mai aiki ya kashe wuta, moto ya tsira. Araha dai ba ta ado.

Suna cewa kuma akwai ragileta mai wayo, wadda ke ƙidaya juyin moto, in ta ji nauyi ya danne shi ta ƙara masa wuta da kanta. Wannan ma gaskiya ne. Irinta ce a cikin injin wanki mai ƙofa a gaba, inda moto guda ke juya ganga sannu a hankali wajen wanki, ya kuma zabura wajen matsa. Amma a lura, ko a cikin injin wankin nan akwai ɗan ƙaramin fuli a jikin moto da wani ƙato a bayan ganga, da bel tsakaninsu. Waɗanda suka ƙera shi ba su dogara ga ragileta kaɗai ba. Kuma kome wayonta ba ta ƙara wa moto iska.

Akwai kuma wata na'ura, wani irin inbata, wadda ke sake ƙidayar wutar kanta, ta mai da 50 ɗin nan 30 ko 40. Ita ce hanyar gaskiya ta sarrafa gudun moto marar gawayi irin na wuta mai layi uku, domin ita kiɗan ta ke sakewa. Tana da kyau ga masana'anta ko ƙungiyar manoma mai hali, amma tana da tsada, tana kuma bukatar wanda ya koyi aikin lantarki sosai.

Wurin ragileta ke nan: a kan moto mai gawayi kaɗai, bayan fuli ya riga ya kawo gudu kusa da abin da a ke so, don a ɗan sassauta in gyaɗa ta bushe ƙwarai, ko a ɗan ƙara in fankar shiƙa ba ta kwashe ƙaiƙayi. A sayi wadda ƙarfinta ya ninka na moto biyu, gama moto ya kan ja wuta mai yawa wajen tashi. Kada kuma a sauke shi ƙasa da rabin gudunsa yana ɗauke da nauyi. In aka ga sai an murɗa ta can ƙasa kāna gudu ya yi daidai, to, fuli ne bai isa ba.

ABIN DA A KE HASARA

Kada a ɗauka kuɗin moto kaɗai ke cikin hatsari. Injin ɓara na hannu an yi shi ne bisa ga ƙarfin mutum, wanda ba ya wuce juyi 50 ko 60 a minti. In aka ninka masa gudu ba lissafi, ƙwaya za ta farfashe. Dattawan da suka ga zamanin dalar gyaɗa a Kano sun san cikin shekarun 1950 hukumar cinikin amfanin gona ta riƙa biyan ƙarin kuɗi a kan gyaɗar da ƙwayarta ba ta fashe ba, abin da ya sa mutane da yawa suka bar daka a turmi suka koma injin ɓara na hannu. Dalilin bai tsufa ba. Fasasshiyar ƙwaya ba ta yin iri, ɗan kasuwa ya kan karya mata farashi, ita ce kuma rima da funfuna ke fara kamawa a ma'aji. Gubar funfunar gyaɗa kuwa ba tatsuniya ba ce. An gano ta ne bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila cikin 1960 sabo da abincin da aka haɗa da ƙuli-ƙulin gyaɗa mai funfuna, an kuma tabbatar tana lalata hantar mutum.

Sabo da haka kafin a zuba buhu a gwada da mudu guda. A ɗebi ƙwaya ɗari daga abin da ya fito, a ƙirga fasassu. In sun fi abin da injin ke fasawa sa'ad da a ke juya shi da hannu, gudu ya yi yawa, ko kuwa tazarar da ke tsakanin maduki da raga ta yi kaɗan. Wanda kuma ke so ya tabbatar da ragin fulinsa ba sai da ma'auni ba: ya cire wuta, ya yi wa fuli biyun alama da alli, ya juya da hannu, ya ƙirga sau nawa ƙaramin ke zagayawa kafin babban ya zagaya sau ɗaya.

Wajen dutsen wasa kuwa maganar ta wuce ta kuɗi, ta rai ce. Ko wane dutse an rubuta masa iyakar juyinsa a jiki. Mai faɗin inci 8 yawanci ba ya wuce 3,600. Ƙarfin da ke neman watsa dutse yana hawa ninki huɗu in gudu ya ninka biyu. Wanda ya ɗaura irin wannan dutse a bakin injin mai juyi 11,000 ya ɗora masa fiye da ninki tara na abin da aka yarda masa, in ya fashe kuwa kamar harsashi ya ke fita. Kada wani ya ce ai ya sa ragileta ta riƙe shi. Irin waɗannan ragileta in sun lalace sau da yawa a buɗe su ke lalacewa, su saki dukan wuta gaba ɗaya, ko yaro ya zo ya murɗa. Fuli kuwa ba ya sake ra'ayi. Kuma ko dutse bai fashe ba, wasa da gudu mai yawa ya kan ƙona bakin lauje har ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

GA 'YAN KASUWA DA AKAWUNA

Ɗan kasuwan da ke sayar da ragileta, in manomi ya zo masa, ya kamata ya fara tambaya, "Malam, motonka yana da gawayi ko babu? Wat nawa aka rubuta a jikinsa?" In babu gawayi ya gaya masa gaskiya, ya nuna masa shagon masu fuli. Ribar akwati guda ba ta kai amincin mai saye ba, wanda ya ƙone moto kuwa ba ya manta shagon da ya ba shi shawara.

Akawun ƙungiya ko na kanti wanda a ke ba aikin rubuta odar kaya, ya koyi karanta ɗan allon da ke jikin moto, ya kwafe lambobi huɗu kafin a biya kuɗi: bolt, da wat ko ƙarfin doki, da ƙidayar wuta, da juyi, wanda a kan rubuta da haruffan RPM. Doki ɗaya daidai ya ke da wat 746. In ya ga an rubuta bolt 110 ko 120, da ƙidaya 60, kayan Amurka ne, wutar nan kuwa bolt 220 zuwa 240 ce. Irin wannan sai da taransifoma, ragileta ba ta tsaya a madadinta ba. In marar gawayi ne kuma, wanda aka rubuta wa 1,725 zai koma wajen 1,440 a kan ƙidaya 50, sai a yi lissafin fuli da wannan.

Mai walda shi ma da nasa. Kada ya ba da inji sai ya rufe bel da fuli da raga ko langa-langa, gama hannun babbar riga da bakin mayafi da yatsun yara ba su san lissafi ba. Ya sa makunni inda mai aiki zai kai hannu ba tare da ya tsallaka bel ba, ya sa fis daidai da ƙarfin moto, ya kuma ɗaura wa ƙarfen injin wayar ƙasa.

Manomin da ya bi wannan tsari zai ɗan ƙara kashe kuɗi a makon farko, zai kuma jira mai walda kwana biyu ko uku. Amma injinsa zai kai ƙarshen kaka yana aiki, gyaɗarsa za ta shiga buhu da ƙwayarta cikakkiya, yaransa kuma za su koma gida da yatsunsu goma. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba da kaka mai albarka, ya kiyaye ma'aikata daga tsautsayi, amin.